Man da Ya Zuba ta Bayan Jirgi

Akwai wani mutum a bakin babban kogi, yana da jirgi mai inji, yana ƙetarewa da mutane da buhunan albasa ran kasuwa. Mutum ne mai tsabta, har yana fahariya da ita. In zai zuba man dizal a tanki, sai ya goge mazurari, ya daidaita jarka, ko ɗigo ba ya sauka a kan katako.

To, tankin nan yana da ɗan bututu a bayan jirgi, inda iska take fita in mai yana shiga. Masu jirgi sun san ƙa'idarsa. Ka zuba a hankali kana sauraron hucin iskar, in hucin ya fara sarƙewa ka tsaya. Ka bar wa tanki wuri, gama mai yakan kumbura in rana ta yi zafi. Masu hankali har gwangwani suke ratayawa a ƙarƙashin bututun.

Mutumin nan ya san wannan sarai! Amma ya ce a ransa, "In dawo gaci ƙara mai da tsakar rana, wasu su kwashe mini fasinja? Ina!" Sai ya tuntsura jarka, ya ɗura, ya ɗura, har mai ya tsaya a wuyan tanki.

Ƙasa kaɗan da wurin, wata gwauruwa ta tsoma kwandon kalwarta a ruwa tana wankewa, za ta yi daddawa. Yini guda ta yi tana dafa ta, itacen ma a ka ta ɗauko. Ita ce ragowar kalwarta ta bana, da ita kuwa take ciyar da jikokinta uku. Sai ta ga ruwa yana ƙyalli, ta ɗebo kalwar ta sunsuna. Wayyo, mai ya shige ta sarai, ko akuya ba za ta ci ba.

Ta zo wurin mai jirgin, ta ce, "Ɗana, ka kashe ni."

Ya ce, "Haba, Iya! Dubi hannuna, dubi mazurarina. Ina man da na zubar?"

Ta ce, "Sauko ka zagaya."

Ya sauko yana gunaguni, ya zagaya bayan jirgin. Ga mai yana tsiyaya daga bututun, yana bin katako, ya ja layi a kan ruwa har bakin kwandonta. Ita kuwa ta juye kalwar a gabansa, ta ɗauki kwandonta wayam ta tafi.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan, kuma wallahi raina a ɓace nake faɗa. Tankin zuciyarka ce. Man kuwa shi ne haɗama da fushi da kake ɗura mata ba tsayawa, kana jin Ruhun Ubangiji yana tsawata maka, kana toshe kunne. Bakin tankin shi ne fuskar da kake kawo mana ran Lahadi, fes, da murmushi da "salama a gare ku." Bututun baya kuwa gidanka ne. Can abin yake zuba, a kan matarka da take rage murya in ta ji takunka, a kan 'ya'yanka da suke watsewa in ka shigo.

Sai ka zo ka ce mini, "Fasto, ni ban taɓa zagin kowa a majami'a ba." Kunya! Wa ya tambaye ka majami'a? Allah ba mazurarinka yake dubawa ba, yana duban wanda yake tsaye ƙasa da kai a cikin ruwan.

In an tashi sujada yau, kada ka tsaya gaishe ni a bakin ƙofa. Tafi gida, ka zauna, ka tambayi matarka abin da ka zuba mata a kwando.