Garin Ƙarfen Zulkifli da Hannuwan Inna Kyauta

Akwai wani matashi a Gagarawa mai suna Zulkifli, autan wata dattijuwa da ake kira Inna Kyauta. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da waɗannan hannuwa nata ta yi ta matsar tunkuza har ta kai shi jami'a.

Zulkifli kuwa akwai kai, ba a ƙwace masa wannan ba. Bincikensa a kan yadda ake mayar da man gyaɗa da tsohon man suya su zama man dizal ne. Sirrin aikin wani garin ƙarfe ne mai launin toka da ake kira nikel, wanda shi ke sa man ya juye da wuri. Sai dai irin nasa yana da sharaɗi guda: dole ya zauna a cikin ruwa. Da zarar ya bushe, iska ta taɓa shi, da kansa yake kama wuta.

Da aka tafi dogon hutu, Zulkifli ya ƙi yarda ya bar garin a makaranta. Ya zo da shi gida a kwalba, ya ajiye a ɗakinsa.

Matsalar Zulkifli ɗaya ce. Tun da ya fara sa farar rigar ɗakin gwaji, yake ganin mutanen gidansu ba su kai a yi musu bayani ba.

Wata safiya Inna ta kawo masa koko, ta ga kwalbar.

"Auta, wannan laka kuma ta mece ce?"

"Ba laka ba ce, Inna. Garin ƙarfe ne."

"Ƙarfe a ruwa? Me yake yi a ciki?"

Ya yi dariya, idonsa na kan waya. "Inna, ko na faɗa ba ganewa za ki yi ba. Abin na 'yan boko ne."

Ta ajiye kokon ta fita. Jimla ɗaya ce fa ta rage masa, wadda ko yaron goye zai gane. Bai faɗe ta ba.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari neman tsohon mai wurin masu suya. Inna ta shiga share masa ɗaki, ta sake ganin kwalbar, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ita dai abin da ta sani duk rayuwarta, ƙarfe in ya kwana a ruwa tsatsa yake yi. Ta ga yadda yaron nan yake ji da abin. Ta ce bari ta gyara masa kafin ya dawo.

Ta tsiyaye ruwan a hankali, ta baza garin a faifai kamar yadda take shanya kuɓewa, ta ɗora a kan rumfar kara kusa da rumbu don kada kaji su tona.

Bayan azahar aka kira Zulkifli a waya. Maƙwabcinsu ne, Malam Usaini.

"Ka bar duk abin da kake yi ka wuce asibiti a Gumel. Gobara aka yi a gidanku."

A ƙofar asibitin Malam Usaini ya ba shi labari. Rumfar ta ƙone, rumbun geron bana ya bi ta. Amma ba wannan ne ya karya wa Zulkifli zuciya ba.

"Mun yi ta kiran Inna ta fito," in ji Malam Usaini. "Ba ta ko kalli geron ba. Faifan nan ta cafka da hannu biyu yana ci da wuta, tana cewa karatun Auta ne."

Ya same ta kwance, hannuwa biyu a naɗe har gwiwar hannu. Likita ya riga ya gaya masa cewa za ta rayu, amma yatsun ba za su ƙara damƙar komai ba.

Da ta gan shi, sai ta yi ƙoƙarin tashi.

"Auta, ka yafe mini. Na lalata maka aikinka. Na ɗauka taimakonka nake yi."

Zulkifli ya durƙusa a gaban gadon ya fashe da kuka. Ya so a ce zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Inna, ni ne. Kin tambaye ni, na raina ki."

Ya kammala karatun, an kuma yaba wa bincikensa. Amma turmin Inna yana nan kife a bayan ɗaki. Kullum da safe, kafin ya fita, shi ke zama ya ba ta koko a baki.

Darasi: Ilimin da ya sa ka ga iyayenka ba su isa ka yi musu bayani ba, wallahi bai kammala ba. In sun tambaye ka, ka zauna ka amsa musu da harshen da za su gane. Ku tura wa 'yan uwa, musamman ɗalibanmu da ke shigowa gida da kayan da su kaɗai suka san hatsarinsu.