Injin Injiniya Ndaceko

Akwai wani dattijo a Chanchaga, cikin Minna, ana kiransa Injiniya Ndaceko. Tun da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya rufe ƙofa. 'Yarsa ɗaya, Muniratu, tana aiki a Kaduna. Gidan shiru, daga shi sai rediyo.

A garejinsa ya haɗa wani ɗan inji da hannunsa, wanda kwamfuta ke sarrafawa yana sassaƙa zane a katako. Da aka sa ranar auren Muniratu a daminar 2012, ya ƙudurta zai sassaƙa mata akwatin maɗaci.

Sai injin ya fara gardama. Akwai bireka a bango da ke yanke wuta idan lantarki ya zurare zuwa jikin ƙarfe. Wani lokacin injin ya yi awa biyu lafiya, wani lokacin minti biyar sai ka ji "tas!", komai ya mutu. Ya canza soket, ya buɗe akwatin da ke ba injin wuta, ya gwada da mitar auna wuta. Duk lafiya. Katako uku suka lalace.

Maƙwabcinsa Shekwolo, mai gyaran fanka da dutsen guga, ya leƙo wata safiya.

"Baba Injiniya, ina jin injinka yana tsayawa. In duba?"

"Wannan ba fanka ba ce," in ji Ndaceko, ko ɗago kai bai yi ba.

Shekwolo ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya tafi.

Saura kwana shida biki, Ndaceko ya yanke hukunci birekar ce ta lalace. Ya cire ta, ya haɗa waya kai tsaye. Injin ya yi ta aiki. Ya kai hannu zai share garin katako, sai wuta ta fizge shi ta maka da ƙasa.

Ya daɗe kwance. Injin na ta kuka, ana kiran sallar azahar a nesa. Ya ga cewa da ya mutu a nan, sai wari ne zai sanar da mutane. Hawaye ya zubo masa.

Da ya samu ya miƙe, ya kashe wutar, ya taka har rumfar Shekwolo.

"Na yi maka rashin kunya. Ka zo ka duba mini."

Shekwolo ya bi shi gareji, ya fara da mayar da birekar wurinta.

"Baba, wannan ba ta ƙarya. Yaushe take faɗuwa?"

"Ba ta da lokaci."

"Tana da shi. Mu zauna mu gani."

Suka zauna suna kallo. Sau uku ta faɗi, kuma duk a daidai lokacin da bakin injin ya nutse cikin katako, teburin injin ya yi girgiza. Shekwolo ya zare fulogi, ya bi waya da yatsa har inda ta shiga akwatin wutar. Gefen ƙarfen ya ci robarta, ɗan tsagi kamar ƙwayar shinkafa, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Sai an girgiza take taɓa ƙarfe.

Ya yanke wurin, ya sake haɗawa, ya sa roba a bakin ramin da wayar ke shiga. Kafin magariba injin ya gama murfin akwatin bai tsaya ba.

Shekwolo ya tattara kayansa.

"Tsaya ka sha shayi," in ji Ndaceko.

Ya shiga kicin ya jima. Da ya fito, ya ce cikin jin kunya, "Yi haƙuri. Sai da na nemo kofi na biyu. Shekara uku ba a taɓa shi ba."

Darasi: Kada ka toshe bakin mai yi maka gargaɗi, ko na'ura ce ko mutum, kuma kada ilimi ya sa ka raina na kusa da kai. Ku tura wa 'yan'uwa, sannan ku leƙa dattijon da ke zaune shi kaɗai a unguwarku.