Gwamma da Kududdufin Bayan Kasuwa

"Ku matso kan tabarma, a bar tsokanar juna haka nan. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

A wani gari, irin garuruwanmu na da, akwai wani kududdufi a bayan kasuwa. Nan kakanninsu suka haƙi ƙasar gina gidajensu, sai ramin ya zama matattarar ruwan gari. Ku ba ku san daɗin kududdufi ba. Da damina ta sauka, agwagi su yi ta iyo, kwaɗi su yi ta waƙa, mata na wanki ana hira. Ni da na tashi a bakin irinsa, har yau in na tuna sai ƙwalla ta cika mini ido.

A bakinsa wata tsohuwa take zaune, Gwamma mai daddawa. Ita ba ta yarda kowa ya jefi kwaɗo a gabanta.

Sai Sarkin Kasuwa Jatau, mai dogon buri da gajeren tunani, ya ce ramin banza ya cinye musu fili. Sai aka yi gayya aka cike shi, aka kafa rumfuna.

Damina ta zo. Ruwa ya gangaro bai sami wurin zama ba, sai ya faɗa gidan Gwamma ya rushe mata ɗaki. Sai Jatau ya tara mutane ya ce, "Duk faɗin garin nan, gidanta kaɗai? Azaba ce. Akwai abin da ta aikata." Sai aka kore ta bayan gari. Ta tafi da tukunyarta a ka, tana waiwayen gidan da ta binne cibiyoyin 'ya'yanta. Ba ɗakin ne ya fi yi mata ciwo ba, illa a ce ta mutu da sunan wadda Allah ya yi fushi da ita.

Shekara ta zagayo. Sai ruwa ya wuce kangonta, ya rushe gidan da ke biye, na Ɗantani mai kukuma. Jatau ya ce ai ga ta nan, kiɗa ne ya jawo. Shi ma aka kore shi.

Ran nan Gwamma na kuka a bukkarta, sai ga wani tsohon kwaɗo.

Ya ce, "Gwamma, share hawayenki. Ruwan nan ba mai laifi yake nema ba, gidansa yake nema. Mu ma shi muke nema."

Sai ta shiga gari ta faɗa. Aka yi mata dariya, wai tsufa ya sa ta fara hira da kwaɗi.

Damina ta uku, sai ruwa ya wuce kango biyu, ya faɗa gida na uku. Gidan Liman Alu ne, bawan Allah wanda ko kaza bai taɓa zalunta ba. Jatau ya yi gyaran murya, ya ce wannan kam jarrabawa ce.

Liman na tsaye da jiƙaƙƙun littattafansa a hannu. Ya dube shi ya ce, "Jatau, a gidana jarrabawa, a gidan Gwamma azaba? Wa ya aiko maka da labarin?"

Sai Liman ya taka da ƙafarsa har bukkar Gwamma, ya ce, "Inna, ki yafe mana. Ana korarki ina gani, na yi shiru." Ta ce ta yafe. Ta zo ta nuna musu gidajen nan uku a jere, duk a bakin tsohon ramin.

Sai aka kira Ɗantani ya dawo, yana kiɗa ana sake haƙa kududdufin. Jatau aka ɗora wa kwandon farko. Ƙasar da aka haƙo, da ita aka sake gina ɗakin Gwamma. A ciki ta ƙarasa kwanakinta, tana jin waƙar kwaɗi.

Ruwa na Allah ne, 'yan jikokina, shi kaɗai ya san hikimarsa. In ya yi wa wani ɓarna, ku kai masa hannu, kada ku kai masa hukunci.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku naɗe mini tabarmata.