Ranar Baƙar Tawada da Ranar Ja

Akwai wani mutum a wani gari, wanda Allah ya hore wa baiwar rubutu. Ba ya ƙarƙashin kowa, ba shi da ofis sai ɗakinsa. Yakan rubuta maƙaloli a kwamfuta, ya aika wa masu shafukan yanar gizo, su buga, su ba shi ladansa, da haka yake riƙe gidansa, shi da matarsa Lai'atu da 'ya'yansu. Duk wanda ya karanta rubutunsa yakan shaida cewa jimlolinsa a tsare suke kamar jeren ɗakin amarya. Amma mutumin nan yana da illa guda, ita ce ba ya gama aiki. In ya rubuta jimla sai ya tsaya ya zuba mata ido, ya cire kalma ya sa wata, ya komo da ta farko, daga bisani ya goge duka. Rana takan fito ta same shi a kan sakin layi na fari, ta faɗi ta bar shi a can.

Saboda haka masu shafuka suka yi ta janye jiki ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masa shafi guda, na manoma da masu lambu, wanda wata mata mai suna Malama Briskila take shugabanta. Wata rana ta kira shi a waya ta ce, "Malam, a cikin masu aiko mini da rubutu babu wanda ya kai ka iyawa, amma ba na iya buga abin da bai iso ba. Ga albasa ta kusa fitowa daga fadama. Ina son maƙaloli a jere kan yadda ake ajiye ta kada ta ruɓe. In masu lambu suka cire albasarsu ba su karanta ba, amfanin ya wuce, ni kuwa dole in ba wani gurbinka."

Mutumin ya yi alkawari. Ya riƙa sammako, ya daina zama a majalisa, ya damƙa wa matarsa wayarsa don kada ta raba masa hankali. Ilimin albasar kuwa yana da shi, gama ya zauna da masu lambu ya sha tambayarsu. Duk da haka kwanaki suka yi ta shuɗewa, albasa tana ƙosawa a fadama, shi kuwa yana kokawa da jimlar buɗewa, yana so ta fito babu aibi.

Ran nan Lai'atu ta leƙo ta bayansa ta dubi kwamfutar, ta ce, "Baban Afiniki, tun da safe nake jin ƙwas-ƙwas, na ɗauka an kai kasuwa. Ashe akuyar tana nan a turke."

Ya ce, "Farkon ne bai zauna ba. In farko ya karkace, ina sauran za su dosa?"

Ta ce, "To tashi ka miƙe ƙafa. Ga kunun tsamiya na dama wa Kaka, kai masa tun bai huce ba."

Kakan nan nasa, Malam Irimiya, dattijo ne da ya yi karatun Larabci da ajami tun yana saurayi. Da tsufa ya zo masa sai ya ɗauki wata hidima, yana kwafe waƙoƙin sujada da ajami saboda tsofaffin ikilisiya waɗanda ba su karanta boko. Jikan ya same shi zaune a kan buzu a inuwar darbejiya, alƙalamin kara a hannu, takardu shimfiɗe a gefe an danne su da 'yan duwatsu.

Tsohon ya ɗaga kai ya ce, "Amaryata ta aiko yaron gidanta ke nan. Ajiye ka koma, ba da kai aka dama ba."

Jikan ya ce, "Tsoho, haƙoranka nawa suka rage da har kake kiran amarya?"

"Kunu ba ya tambayar haƙori. Zauna, mai rubutu da injin."

Ya zauna. Tun yana ƙarami yake ganin kakansa a kan wannan aiki, bai taɓa tsayawa ya lura ba, sai yau da damuwa ta buɗe masa ido. Ya ga kurtun tawada biyu a gaban tsohon. Na baƙar tawada a buɗe yake, alƙalami yana shiga yana fita. Na jar tawada, wadda ake sa wasali da ita, an toshe bakinsa da tsumma an ɗaure da zare, an tura shi can bayan buzu. Takardun da ke shan iska kuwa duk baƙaƙe ne zalla, babu wasali ko ɗaya. Hannun tsohon yana rawa in ya ɗauki ƙoƙon kunu, amma a kan takarda tafiya yake yi kamar ruwa a lambatu, layi yana bin layi.

Yana cikin kallo sai ya ga tsohon ya tsallake kalma guda a baitin da yake kwafa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ashe tsohon ya lura da kansa, gama ya ɗan dakata, ya ɗiga ɗigo ƙarami a bakin takardar daidai layin, ya ci gaba abinsa. Abin ya ɗaure wa jikan kai ƙwarai.

Ya ce, "Kaka, ka ga kuskure ka wuce?"

"Na gan shi, shi ma ya gan ni. Babu inda za shi."

"Me zai hana ka gyara shi yanzu, tun kana tune?"

"Yau ranar baƙa ce. Gyara da wasali sai ranar ja."

"Wa ya kafa wannan doka?"

Tsohon ya ajiye alƙalaminsa. Ya jawo kurtun jar tawada ya kwance zaren, ya miƙa masa alƙaluma biyu da guntuwar takarda, ya ce, "Ai na koya maka ajami kafin boko ya sace ka. Kwafe mini baitin nan. Amma kowane harafi ka rubuta, ajiye baƙi ka ɗauki ja, ka sa masa wasalinsa nan take, ka tabbata ya cika kafin ka wuce."

Jikan ya karɓa, yana son ya ga inda abin zai kai. Ya rubuta harafi, ya ajiye alƙalami, ya ɗauki ɗayan. Jar tawada ta taɓa baƙar da ba ta bushe ba, suka gauraye suka zama kalar laka. Ya sa yatsa zai gyara, ya ƙara dagulawa. Kafin ya kai tsakiyar layi ya manta kalmar da ke biye, sai ya koma ya duba. Layin ya karkace, gama hannun da ake tsayarwa a kowane taki ba ya sanin inda ya nufa. Da ya ɗaga kai, tsohon ya cika rabin shafi yana kurɓar kununsa.

Malam Irimiya ya dubi takardar ya ce, "Kaza ce ta bi ta nan da ƙafar taɓo?"

Jikan bai yi dariya ba. Ya ƙura wa takardar ido, gama ya gane ta. Ita ce maƙalarsa ta albasa.

Tsohon ya ce, "Idon da ke rubutu gaba yake kallo, idon da ke gyara baya yake kallo. Duka biyun naka ne, amma wuya ɗaya gare ka. Kuma tawada ɗanya ba ta karɓar gyara, sai ta kwana."

Mutumin ya koma gida yana juya maganar. Washegari ya zauna ya ƙudura a ransa cewa yau ranar baƙa ce. Ya yanki 'yar takarda ya manna a kan maɓallin gogewa don yatsarsa ta ji ta ta janye. Ya rubuta jimlar fari, ta fito gurguwa. Zuciyarsa ta yi ta jan sa ya koma, amma ya sa mata alama a gefe ya wuce. Inda ya yi shakkar wata magana ya sa alama ya wuce. Sannu a hankali abin da ya ji a bakin masu lambu ya fara zubowa: yadda ake barin albasa ta sha iska bayan an cire ta, yadda ake ware mai rauni daga mai lafiya, irin rumfar da iska ke ratsawa. Kafin la'asar ya kai ƙarshen maƙala ta fari, ya shiga ta biyu.

Murna ta kama shi, ya ce wa matarsa, "Kawo wayar nan in sanar da Malama Briskila, yanzu zan tura mata."

Lai'atu, wadda ya ba labarin kurtu biyu tun jiya, ta riƙe wayar a bayanta ta ce, "Kaka yakan kai wa tsofaffi takarda babu wasali?"

Sai ya bar rubutun ya kwana.

Da ya buɗe shi a ranar ja, sai ya ga abin mamaki. Sakin layin nan na fari, wanda ya cinye masa kwanaki, ba a ma bukatarsa, ya cire shi ɗungum. Mabuɗin maƙalar na gaskiya yana can kusa da ƙarshe, a wata magana da wani mai lambu ya faɗa masa, wadda ba zai taɓa isa gare ta ba da ya tsaya a bakin ƙofa. Ya bi alamominsa ɗaya ɗaya ya gyara, ya kira mai lambun ya tabbatar da abin da ya yi shakka, sa'an nan ya aika. Haka ya yi ta yi, rana ta baƙa, rana ta ja, har maƙalolin suka cika tun albasa tana ƙasa. Malama Briskila ta kira shi ta ce, "Malam, ka ɗauki ma'aikata ne?" Ya ce, "Biyu ne, amma ba na barin su shiga ɗaki tare." Ta ce, "To su shirya, tumatir yana tafe."

Ma'anar wannan misali ita ce: marubucin nan kowane ɗayanmu ne, gama babu wanda Ubangiji bai damƙa wa wani aiki ba, kuma kowane aiki yana da lokacinsa kamar albasar fadama. Baƙar tawada ita ce aikatawa cikin bangaskiya. Jar tawada ita ce binciken kai a gaban Allah. Akwai a cikinmu wanda aka roƙa ya yi addu'a a taro ya ƙi, domin yana tsoron harshensa zai sarƙe. Akwai wadda ta daɗe da niyyar ziyartar maƙwabciyarta mai makoki, tana ta shirya kalmomin ta'aziyya a zuci, har kwanakin zaman makoki suka wuce. Irin wannan yakan ɗauka tawali'u ne yake yi, alhali kuwa waswasi ne, wani lokaci ma girman kai ne da ya yafa mayafin tawali'u, gama so yake a gan shi babu aibi. Allah bai jira mu kammalu kafin ya kira mu ba. Ya kira mu da hannu mai rawa kamar na Malam Irimiya.

Amma kada wani ya fita daga nan ya ce dattijo ya halatta a ga laifi a kau da kai. Tsohon bai musanta kuskurensa ba, bai kuma ɓoye shi ba, ya ɗiga masa ɗigo domin ya komo. Wannan ɗigo shi ne lamiri. Ba kuma zunubin ganganci nake nufi ba, ko haƙƙin ɗan'uwa da ka ci, waɗannan ba a barin su kwana. Ina nufin kasawar da ke tare da duk mai aiki. Wanda ya yi ta zuba baƙi bai taɓa kwance kurtun ja ba, takardarsa za ta yi yawa, amma masu waƙa za su yi ta tuntuɓe a kanta. Don haka ne Ubangiji cikin hikimarsa ya ba mu ranakun aiki, ya kuma keɓe mana wannan rana ta sujada, mu zauna a gabansa bayan tawada ta bushe, mu bi ɗigogin mako ɗaya ɗaya, shi kuwa ya gyara da alherinsa abin da hannunmu ya tsallake.

Yau ranar ja ce, 'yan'uwa, kowa ya buɗe takardarsa. Gobe kuwa in Allah ya kai mu, a toshe kurtun a ɗaure, a je a ƙwanƙwasa ƙofar nan da aka daɗe ana shirin ƙwanƙwasawa, ko da sallamar za ta fito gurguwa.