Mutumin da Ya Goge Muryar Malaminsa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, malamin jami'a, shugaban sashen da ake koyar da lissafin gine-gine. Mutum ne tsaf-tsaf, mai iya magana a taro. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, sahun farko ba ya wuce shi. Da za a ce ku nuna mai zunubi a jami'ar nan, shi ne na ƙarshen da yatsarku zai kai kansa. Ciwonsa guda ne: yana son a ce shi ne. Ya daɗe da ajiye alli ya kama kujera, daga wannan kwamiti sai wancan, har lissafin da yake cin abinci da shi ya yi tsatsa a kansa bai sani ba.

A sashen akwai wani dattijo. Shi ya koyar da mutumin nan yana ɗalibi, shi kuma ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki. Ɗalibai suna kiransa Baba Duba-da-kyau, don ba ya tashi daga gaban allo bai ce "Ku duba da kyau" ba.

Sai zamani ya zo da karatu ta intanet. Jami'a ta gyara wani ɗan ɗaki, ta lulluɓe bangonsa da soso, ta sa kyamara da allon da ake rubutu a kai ya fito a waya. Ta kuma kafa ƙa'ida: duk darasin da aka naɗa a ɗakin nan, jami'a tana da ikon koyarwa da shi, amma ba a cire sunan malamin, ba a kuma fitar da shi waje sai da yardar ɓangarorin biyu. Ƙa'ida ce mai adalci, domin jami'a ta ba da ɗaki da kayan aiki da albashi, malami kuma ya ba da shekarunsa.

Dattijon bai so ɗakin ba. Ya ce a aji yana ganin wanda ya gane da wanda ke gyangyaɗi ido buɗe, amma kyamara ko hamma ba ta yi, balle ya san ya ishe ta. Sai ya ƙirƙiro wata dabara da bai taɓa yi a aji ba. A misalin ƙarshe na kowane darasi yakan dasa kuskure da gangan, ya wuce kamar ba komai, ya rufe da "Ku duba da kyau." Idan ya buɗe darasi na gaba, fuskarsa takan fito, ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya tsokani ragwaye, sannan ya nuna kuskuren ya gyara. Bayan nan sai fuskar ta ɓace, allo da murya su ci gaba. Haka ya yi har ya kammala darussan.

Bai daɗe da kammalawa ba ya faɗi a ofis. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya ɗaure. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana magana, ko ruwa sai dai ya nuna da ido.

A nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Wata kwaleji mai zaman kanta tana neman darussan lissafin gini, an kuma tuntuɓi shugaban sashe ko yana da nasa. Ba shi da ko ɗaya. Amma zuciyarsa ta ce masa: mai su ba zai ƙara magana ba, jami'a kuwa ba mutum ba ce, wa za ka cuta? Ya 'yan uwa, sau nawa ne muka ji irin wannan raɗa a ƙirjinmu? Da zarar an ce abu na hukuma ne, sai mu ɗauka ba shi da mai shi.

Ya shiga ɗakin soso ya kulle ƙofa. Yana sauraron muryar malaminsa a kunne, yana maimaitawa da tasa, allon yana tafiya yadda yake. Kalmar "Ku duba da kyau" ya cire ta, don kowa ya san ta wane ne, kuma a zatonsa sabo ne kawai irin na bakin tsofaffi. Farkon kowane darasi kuwa bai ma kalla ba. Da fuskar dattijon ta fito tana murmushi sai ƙirjinsa ya yi nauyi, ya yi sauri ya tsallake zuwa inda allo ya fara, ya datse. Ku lura da wannan. Allah ya bar masa sauran kunya, amma maimakon kunyar ta tsayar da hannunsa, sai ya kawar da idonsa kawai.

Ana cikin haka matar dattijon ta zo ofishinsa. Ta san shi tun yana zuwa gidansu da riga ɗaya, ta sha zuba masa abinci. Ta ce jikoki suna tambayar yadda muryar kakansu take, ita ma gidan ya yi mata shiru, ko zai sa mata darussan a waya ta riƙa kunnawa, ko da ba ta gane lissafin ba. Ya miƙe ya ba ta kujera, ya tambayi mai jiki, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mama, da nawa ne wallahi da na ba ki. Kayan jami'a ne, doka ta ɗaure mini hannu."

Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, ta tafi. Shi kuwa jikinsa ya ba shi cewa muddin na asalin suna nan, wata rana wani zai haɗa biyu ya gani. A ranar ya goge su daga ma'ajiyar sashe, ya ce sun tsufa, za a naɗi sababbi.

Darussan suka fita da sunansa. Aka yaba, aka kira shi taro, aka ba shi lambar yabo ya rataya a falo. 'Yarsa ta fari ma, wadda ke karatu a wannan kwalejin, da su take karatu. Takan kunna su a kicin tana wanke-wanke, ƙannenta suna yi mata tsiya wai a gidan nan Baba ba ya yin shiru ko ba ya nan. Ta haddace su ciki da waje, don tana alfahari da mahaifinta.

Ranar jarrabawar baka ta zo, gaban ƙwararru daga waje. Aka ba ta lissafin ginshiƙi, ta yi shi yadda yake a misalin ƙarshe na darasin. Wani daga cikinsu ya ce mata wannan ginshiƙi ba zai ɗauki bene ba, rushewa zai yi da mutane a ƙasa. Yarinya ta tsaya kai da fata, ta ce haka mahaifinta ya koyar, kuma shi farfesa ne. Ta ciro waya ta nuna musu. Suka kalli wannan, suka kalli na gaba, suka bi darussan kaf. Kowanne ya ƙare da kuskure, babu gyara ko ɗaya.

Aka kira shi gaban kwamiti, shi da ya saba zama a kujerar masu tambaya. Tambayar guda ce: darussan nan nasa ne? In ya ce nasa ne, ya zama shugaban sashen da bai san lissafin ginshiƙi ba. In ya ce ba nasa ba ne, ya zama ɓarawo. Yana cikin inda-inda aka shigo da tsofaffin ɗaliban dattijon, suka gane allon, suka faɗi dabarar malaminsu. A nan ne ya fara jin labarin dabarar. Gyaran duk yana cikin abin da ya datse bai kalla ba.

Jami'a ta karanta masa ƙa'idar da ya fake da ita a gaban matar dattijon, ta sallame shi. Kwalejin ta janye darussan, ɗalibai da yawa suka maimaita shekara, har da 'yarsa. Da ya dawo gida ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ni fa da bakina na rantse musu a kanka." Daga ranar ba ta ƙara tambayarsa komai ba, ko da ƙarfe nawa ne.

Da duniya ta yi masa zafi sai ya nufi gidan malaminsa. Ya tarar da shi a kujera gefen taga, an rufa masa zane a ƙafa. Ya durƙusa ya faɗi komai, ya roƙi gafara. Dattijon ya zuba masa ido, leɓensa yana motsi, sauti bai fito ba. Ko yafewa yake yi, ko akasin haka, Allah kaɗai ya sani. Matar ba ta zage shi ba. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"To yanzu da komai ya fito fili, za a iya ba ni muryar tasa?"

Aikin da ya rasa ana iya samun wani, suna ma yakan farfaɗo in an yi haƙuri, amma wannan ba shi da inda zai samo ta.

Ya 'yan uwa, ilimi na Allah ne, kuma yaɗa shi ibada ne. Amma wahalar da bawa ya sha wajen tsara shi haƙƙinsa ce, kayan da hukuma ta ba ka riƙo kuma amana ce. Ko jami'a da malami sun yi jayayya a kan wa ya mallaki darasi, babu ɗayansu da ya ce naka ne. Yau ɗaukar aikin wani ya yi sauƙi, da ɗan yatsa ake yi, ba a fasa ƙofa, ba a haura katanga, shi ya sa muke mantawa sata ce. Kuma haƙƙin mutum ba ya sauka da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe. Wa ya ba ka tabbacin za ka same shi yana iya magana?

Saboda haka wanda ya san ya ɗora sunansa a kan gumin wani, ya je yau ya gyara. Wanda kuma zuciyarsa ta yi nauyi a kan wani aiki, ya tsaya ya duba dalilin nauyin, kada ya tsallake.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da son a yabe mu a kan abin da ba mu yi ba. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun suna ji, muna ji. Amin.