Layi ɗaya da Mariyam ta bari ya wuce

Ɗiyana, ku aje abin da ke hannunku ku saurara. Kun girma, ba zan sassauta maku magana ba.

Akwai wata mai suna Mariyam a Sabon Garin Maraɗi. Ita da wanta Abdurrazak suka yi wa wata ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa mataimaki na na'ura, irin mai ƙirƙirarriyar basira. Manomi ya yi masa magana da Hausa a salula, shi kuma ya aikata.

Mataimakin nan bai taɓa taka gona ba. Kayan aiki aka ba shi a cikin ordinata, wato kwamfuta: wani na duba ranar ban ruwa, wani na tura saƙo, wani na canza jadawali. Kowanne da bayaninsa a rubuce. Abin da aka rubuta kawai ya sani, da shi yake zaɓar wanda zai ɗauka.

Abdurrazak ke rubuta bayanin. Mariyam ke tantancewa: ya faɗi abin da kayan ke yi? Ya faɗi wanda zai shafa? Ya faɗi lokacin da ba a taɓa shi?

Wata safiya ta iske ya rubuta: "Wannan yana ɗage ranar ban ruwa." Shi ke nan. Ita kuwa ta san famfo ɗaya ke shayar da gonaki ashirin da biyu. In an ɗage, na kowa aka ɗage.

"Yaya, wannan bai yi gajarta ba?"

Akwai baƙi a ofis ranar. Abdurrazak ya yi dariya. "Hajiya mai jan biro ta tashi! Ni da na koya maki kunna ordinata? Na'urar ta fi ki kai, za ta gane."

Baƙi suka yi murmushi. Kunya ta rufe ta. A gidansu ba a gyara wa babba magana gaban mutane. Ta rubuta "ya yi", ta ce a ranta gobe za ta koma kansa. Ba ta koma ba.

Cikin tsakiyar zafin bazara aka yi wa wani manomi, Inusa, rasuwa a Tsibiri. Yana kan babur ya ce wa mataimakin, "Ɗage mani ruwana, sai na dawo nan da kwana shida." Mataimakin ya karanta layin nan ɗaya, ya ga ya dace da roƙon, ya ɗage. Saƙo ya isa ga mai tada famfo, ya kulle ɗaki ya tafi sabgarsa.

Kwana uku kafin a gano inda matsalar take. Masu zogale suka sha da ƙyar. Amma Tsahara, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar, ba ta daɗe da dasa tattasai ba. Duk ya ƙone.

Aka duba, aka ga daga wayar Inusa umarnin ya fito. Ya dawo daga zaman makoki ya tarar ba mai amsa sallamarsa. Har a masallaci ana cewa don shi ba ya nan ya hana kowa ruwa. Ya rantse, ba a yarda ba.

Mariyam ta buɗe bayanin, ta ga sa hannunta a ƙasa. Ta je wa wanta.

"Na gyara layin," in ji shi. "Ki yi shiru. In kika buɗe baki, an kore mu."

Ranar taron ƙungiya suka je Jiratawa. Ana shawarar a cire Inusa daga layin ruwa. Yana zaune gefe, hularsa a gwiwa. Mariyam ta miƙe.

"Malam Inusa ruwansa kaɗai ya roƙa. Mu ne ba mu gaya wa na'urar cewa ruwan na mutum ashirin da biyu ne ba. Na ga giɓin, na sa hannu."

Tsahara ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ɗiyata, mantuwa kika yi?"

"A'a, Inna. Na gani. Kunya na ji."

"Kunyar wa?"

Abdurrazak ya duƙar da kai.

"To," in ji Tsahara, "kunyarki ta cinye mani noman bana. Taso ki je ki ba bawan Allahn nan haƙuri tukuna. Nawa ya riga ya bushe, nashi ne bai bushe ba."

Ta je ta durƙusa gaban Inusa. Ya ce ya yafe, yana share ido da hularsa.

Yau wata biyu Abdurrazak bai yi wa ƙanwarsa magana ba. Wai ta tozarta shi. Ita kuma kowace Lahadi tana gonar Tsahara, suna dashen sabon iri.

Darasi: Na'ura ba ta san abin da ka sani ba sai wanda ka rubuta mata. In an ba ka tantance bayani, duba me yake yi, wa zai shafa, yaushe ba a taɓa shi. Kar ka sa hannu don girman wanda ya rubuta, domin wanda zai sha wahalar ba ya cikin ɗakin. Ku tura wa duk mai irin wannan aiki.

Ku kuma ɗiyana, kun san gidan da nake nufi. Ku zaunar da su biyun kafin Juma'a, ku kai Abdurrazak gonar Tsahara da ƙafarsa.