Murtsunguwar Marayu

Akwai wata mata, tela ce, mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan fili mai tsakuwa a bayan gidansu. Ko ciyawa ba ta son fitowa a wurin.

Maƙwabciyarta ta ba ta 'yan ganyen murtsunguwa, irin mai faɗi kamar tafin hannu, mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi. Ta bar bakin yankan ya bushe, sannan ta dasa. Kullum sai ta tsince ƙaya daga yatsunta kafin ta iya riƙe allura. Da shukar ta kama, yara suka riƙa shan 'ya'yan, ganyen kuwa ta babbake ƙayarsa ta yayyanka wa awakinta.

Kwatsam sai wan mijinta ya sayi mota.

"Ki cire mini wannan ƙazantar, nan zan riƙa ajiye motata," in ji shi.

"Yaya, abincin 'ya'yan ƙaninka ne fa."

"Ƙaya ce abinci? Kin mai da mana gida daji!"

Ranar da aka kwantar da autarta a asibiti, ranar ya zaɓa. Ya turo 'yan ƙwadago da adduna, suka sassare komai gunduwa-gunduwa suka watsar a filin. Ta dawo da yarinya a baya, ta tsaya tana kallo. Ko "ya mai jiki" bai ce mata ba.

Jama'a, motar ma bai taɓa ajiye ta a wurin ba. Wai ƙaya za ta huda masa taya!

Ta yi kukanta a ɗaki, ta koma kan keken ɗinkinta. Da ruwa ya sauka, kowace gunduwa ta yi saiwa a inda ta faɗi, har filin ya cika maƙil.

Bayan wasu shekaru aka yi fari. Ciyawa ta ƙone, tumakin wan mijin nata suka fara faɗuwa. Da kansa ya zo ƙofarta, kai a sunkuye.

"Maman yara, a taimaka mini da ɗan ganye."

Ta kira yaran suka fito.

"Dabbobi ba su yi mini laifi ba, Yaya. Amma filin ba nawa ba ne. Ga masu shi nan."

Haka ya juya, da furfurarsa, ya roƙi marayun ɗaya bayan ɗaya, har autar.

Darasi: Kada ƙarfinka ya sa ka taka wanda ba shi da mai tsaya masa, domin wata rana a ƙofarsa za ka durƙusa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙon marayu.